Wanda Ke Tsare Makunnai

Maƙwabcina a Haɗeja malamin sakandare ne, mutumin Kafancan, ɗan direban jirgin ƙasa. Gadon da uban ya bar masa wasu kawunan jirgi ne guda biyu na wasa, babba da ƙarami, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, da taragwai, da layin dogo siriri da ya kafe a kan faffaɗan katako a ɗakin baƙinsa. Ni kuma ma'aikacin gona ne, wuni nake a fadama. Da na wanke taɓo bayan la'asar, sai gidansa.

Wasan ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Wutar layi guda ce, in ka murɗa ta duk kawunan biyu za su zabura tare su yi karo. Don haka ya yanka layin gida-gida, kowane gida da makunninsa a can ƙarshen katakon, inda hannunsa ba ya kaiwa. Shi yana murɗa gudu, ni ina yanke wa wannan wuta in sakar wa wancan. Shekaru muka yi a haka, har na kan san abin da zai yi tun bai buɗe baki ba. Matata tana cewa manya biyu da furfura sun rasa abin yi, ni ko a jikina.

Ana cikin shekarun casa'in, ƙaninsa da ke karatu a Turai ya aiko masa da wasu 'yan na'urori kamar ƙwayar gyaɗa. Wai in an dasa ɗaya a cikin kan jirgi, sai ya sami lambarsa, ya riƙa amsa umarni shi kaɗai daga wani ɗan akwati mai maɓallai.

"Malam, ka ga ikon Allah," in ji shi. "Kowanne da tafiyarsa, a layi ɗaya."

Na ce madalla. Na waiga na dubi makunnaina a ƙarshen katakon.

Liƙa wayoyin ya fi ƙarfinmu, sai ya ɗauko wani mai gyaran rediyo daga bakin kasuwa, magidanci mai yawan dariya. Tun ranar farko na ƙi jininsa, kuma bai yi mini komai ba. Su biyu su haɗa kai a kan ƙaramin kan jirgin suna ƙus-ƙus, ni ina tsaye da fitila. Matar gidan ta fara kawo kunu kofi uku. Na lura har mai rediyon ake fara miƙa wa, wai hannunsa ne ke aiki. Kishi na ji, irin wanda ban zaci namiji mai iyali zai ji a kan abin wasa ba.

Ƙaramin kan ya ba su wuya. Cikinsa duk dalma ce da aka zuba don nauyi, babu wurin na'urar. Suka goge dalmar da magagari har na'urar ta shiga. Da aka kunna, ƙafafun suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, kan ya yi sakayau, ko tarago guda ya kasa ja. Wallahi daɗi ya kama ni.

"Tica, a mai da shi yadda yake mana," na ce. "Da me ya rage mu?"

Bai ko ɗago ba. Mai rediyo ya ce a ba shi zuwa gobe. Ashe gidansu masunta ne. Ya zo da dalmar da ake ɗaura wa bakin birgi, ragar kamun kifi, ya buge ta ta yi faɗi, ya yanka ƙanana ya cusa a ɗakin direba da ƙarƙashin tukunyar tururi. Kan ya ja taragwansa sumul, babban yana binsa a hankali, babu karo. Maƙwabcina har da hawaye, yana cewa ina ma babansa ya gani.

Sannan ya juyo ya dafa kafaɗata. "Malam, wahalarka ta ƙare. Yanzu sai ka zauna ka sha kallo."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa ma ta fi zafi. Na zauna a benci, na rasa inda zan sa hannuwana.

Washegari ruwa ya tare ni a hanyar Kafin Hausa, na iso gida a makare. Ina cire takalmi a tsakar gida sai na jiyo sautin jirage ta bayan katanga, da dariyar mutum biyu. Sun fara ba su jira ni ba. Matata ta leƙo daga madafa ta ce, "Yau ba za ka tashar ba ne?"

Na ce mata ta kawo mini abinci.