Sarƙar Hagu ta Tankar Malam Lawali

Shekaru sun yi nisa, amma ranar Talatar da muka buɗe akwatunanmu a wani gidan tarihi na Lyon ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka same ni da furfura a wannan aiki kuna yi mini kallon wanda bai taɓa yin abin kunya ba. To, yau ku ji.

A tsakiyar shekarun casa'in ina aiki a wani atiliye, wato ɗakin sana'ar hannu, a Montreuil, gefen Paris, inda muke ƙera maket. Ga wanda bai san aikin ba, maket ƙaramin samfurin babban abu ne: a ɗauki mota ko igwa, a ƙanƙantar da ita bisa awo, ba a bar ko ƙusa ɗaya ba. Gidajen tarihi ne suka fi ba mu aiki. Mu bakwai ne a wurin, mai atiliyen kuma wata Bafaranshiya ce, Madam Odil. Ni daga Damagaram na zo karatun zane, na gama, na kama aiki a wurinta. A lokacin da nake ba ku labari na shekara tara tare da ita.

Ƙa'idar wurin ita ce, wanda ya haɗa maket ba shi ke cewa ta yi ba. Sai ya kawo mini ita kafin a shafa mata komai, in gwada ta da zanen asali da tsofaffin hotuna, in sa hannu a wata takarda da muke kira fish. Bayan nan in yi mata fenti, in tsufar da ita, in dasa ta a kan katakonta. Ni ma ina haɗawa idan aiki babba ne, sai Madam ta duba nawa.

Malam Lawali kuwa ni na kawo shi da ƙafata. Mutumin Maraɗi ne, maƙerin fari, ya girme ni da kusan shekara goma, bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. A gidan ma'aikata na Montreuil na same shi yana gyara wa mutane zobe da hannun agogo. Na yi ta roƙon Madam har ta ba shi kontira, wato takardar yarjejeniyar aiki, na gwaji na wata shida, kuma da wannan kontira ne zai je a sabunta masa takardar zama.

Watansa biyu da zuwa sai aikin Lyon ya shigo. Za su yi baje koli a kan Yaƙin Duniya na Farko, suna son maket goma sha biyu: manyan motoci, igwa, motar ɗaukar masu rauni, da ƙaramar tankar nan ta Faransa mai ɗaukar mutum biyu, direba da mai harbi, wadda aka yi wa wutsiyar ƙarfe don tsallake ramukan yaƙi. Ta gaske tsawonta kamar mita biyar ne, tamu za ta zama ɗaya bisa goma. Ita za a ajiye a tsakiyar zaure cikin gilashi, da sunan wanda ya ƙera ta a ƙasa.

Kowa a atiliye ya san tankar tawa ce. Mako uku na yi ina zirga-zirga ɗakin karatu, ni na zana ta gaba da baya. Amma wata rana lokacin cin abinci Madam ta tsaya a bencin Malam Lawali, ta ga ya ɗauki guntayen tagulla ya ƙera 'ya'yan sarƙar tanka guda uku, irin sarƙar da take takawa a maimakon taya. Ta ɗaga su, suka lanƙwashe a hannunta kamar na gaske. Mu a da zuba su muke yi da roba, a manne, ba sa motsi. Washegari ta tara mu.

"Lawali zai yi tanka," in ji ta. "Sani, kai ka ɗauki igwa da motoci biyu."

Na ce, "Madam, ni fa na zana ta."

Ta ce, "Shi ya sa na san za ta yi kyau. Miƙa masa zanen."

Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Malam Sani, sai ka taimake ni fa, ka san ni da rubutun nan nasu." Na ce ba komai. Amma daga ranar nan abinci ya daina yi mini daɗi.

Wata uku ya yi a kanta. Ƙusoshin jikinta ɗaya bayan ɗaya ya buga su da hannu. Ƙofar direba tana buɗewa, kan bindiga yana juyawa. Duk wanda ya shigo atiliye, har mai kawo wasiƙa, sai ya wuce bencina ya je ya tsaya a kan Malam Lawali. Ni kuma ina zaune da igwata, ina jin suna cewa ba su taɓa ganin irin wannan hannu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya suke faɗa. Nakan tsaya bayan an tashi in ɗauki tankar in juya ta, ina neman aibu, in rasa. In ya zo in karanta masa awo, sai in karanta da sauri ba tare da na ɗaga kai ba. Shi kuwa sai ya yi godiya ya koma.

Ranar da ya kawo mini ita dubawa, na samu abin da nake nema. Kowane ɗan sarƙa yana da leɓe guda da ke cizon ƙasa, kuma gefe ɗaya yake fuskanta. Sarƙar dama daidai take. Ta hagu ya ɗaura ta a juye. A wannan lokaci gyaran bai wuce minti goma ba: a zare ƙusa ɗaya, a juya sarƙa, a mayar. Na daɗe ina kallonta. Na ce a raina, bari mutanen Lyon su gani da idonsu, Madam ta san cewa maƙeri daban, wanda ya yi karatu daban. Ban tsaya tunanin takardar zamansa ba. Ban ma tuna cewa hannuna ne zai kasance a ƙasan fish ba.

"Ta yi?" in ji shi.

Na ce, "Ta yi," na sa hannu.

Daga nan na yi mata fenti, kore da ƙasa-ƙasa da baƙi, na zuba mata tsatsa da ƙurar ƙarya. Na dasa ta a katako, na kwaɓa laka ta garin katako da gam na zuba a ƙarƙashin sarƙoƙin. Wannan laka in ta bushe dutse ce.

Mota ta tafi da akwatuna, mu uku muka bi jirgin ƙasa zuwa Lyon: Madam, Malam Lawali da ni. Ranar Talata da hantsi aka yi karɓar kaya. Yadda ake yi shi ne, mai kula da kayan gidan tarihin ya duba kowace maket, in ya ƙi ɗaya yana da ikon ƙin duka. Wani dattijo ne siriri, da madubin ƙara girma a aljihu. Igwata ya kalle ta minti biyu ya wuce. Da ya zo kan tanka sai ya durƙusa, ya buɗe ƙofar direba da ɗan yatsa, ya yi dariya kamar an yi masa kyauta. Ya zagaya hagu. Dariyar ta ɗauke.

"Madam, wannan tankar ƙafarta ɗaya gaba take tafiya, ɗaya baya. Wa ya duba ta?"

Madam ta buɗe jaka ta ciro fish. Ba ta karanta sunan ba, ni kawai ta kalla. Kafin in ce wani abu Malam Lawali ya matso, ya ce da guntun Faransancinsa, "Ni na haɗa. Laifina." Dattijon ya ce ranar Juma'a da safe zai dawo, in ba a gyara ba mu kwashe kayanmu duka. Da ya fita Madam ta ce, "Sani, shekara tara ban taɓa ganin idonka ya tsallake irin wannan ba." Ta juya ga Malam Lawali ta ce maganar kontiransa sai ta ga abin da Juma'a ta haifar. Da rana ta koma Paris.

Aka ba mu wani ɗaki a ƙasan ginin mu yi aiki, muka sauka a gidan wani ɗan garin su Malam Lawali a Vaulx-en-Velin. Washegari da safe muna cikin bas za mu tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Malam Lawali yana kallon taga, sai ya ce, "Malam Sani, zan tambaye ka, ka gaya mini don Allah. Ka gani, ko ba ka gani ba?"

Na so in yi ƙarya. Na ce, "Na gani."

Ya gyaɗa kai. "Ranar nan ka daɗe kana kallon hagunta. Ni na ɗauka burge ka ta yi. Har na ba mutanen ɗakinmu labari."

Na ce, "Ka yafe mini, Malam."

Ya ce, "Mu je mu ciro ta daga laka tukuna."

Kwana biyu muka yi a kanta. Ni ina kankare lakar da na zuba da bakin wuƙa, kaɗan-kaɗan, shi yana riƙe da tankar kada ta motsa. 'Ya'yan sarƙa biyar suka karye. Ya fiddo magagarinsa da guntun tagulla daga aljihun riga ya ƙera sababbi a gabana, ko awo bai duba ba. Ina kallon yatsunsa, kuma wallahi ko a wannan hali, da kunyar da ke kaina, ƙyashin bai sake ni ba. Na san ko zan shekara ashirin ina koyo ba zan yi haka ba. Ya juya sarƙa, na sake fenti, na sake zuba laka, muka busar da ita da na'urar busar da gashi ta matar mai masaukinmu.

Ranar Juma'a dattijon ya zo, ya durƙusa a hagu, ya miƙe, ya sa hannu. Ya riƙe hannun Malam Lawali ya daɗe bai saki ba. Ni ya ɗaga mini kai kawai.

Da muka koma Montreuil na shiga ofishin Madam na gaya mata yadda aka yi, don Malam Lawali bai gaya wa kowa ba, kuma na ga ba zai faɗa ba. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Da kuskure ne da na manta da shi gobe." Ta karɓe aikin dubawa daga hannuna ta ba wani, sai bayan shekara biyu ta mayar mini. Malam Lawali ta ba shi kontira na dindindin, aka sabunta masa takarda. Mun yi shekara shida muna aiki benci kusa da benci kafin ya koma gida. Kullum yana gaishe ni, yana tambayar iyali, amma bai sake kawo mini aikinsa ba sai da wani a tsaye. Ban ga laifinsa ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa da na zama shugaban atiliye na kafa dokar da wasunku ke ƙorafi a kai: wanda ya nemi aiki aka hana shi ba ya duba wannan aikin, ko waye shi. Ba don ina zargin kowa ba ne. A sana'armu kullum akwai wanda hannunsa ya fi naka, kuma a kusa da kai zai zauna, kana ji ana yabonsa. Zafin nan ba wanda ya fi ƙarfinsa, ni ban fi ba. In ka ji shi a ƙirjinka ranar da aka miƙo maka aikin ɗan'uwanka, kada ka ce ai kai mai gaskiya ne. Ajiye alƙalami, ka kira wani ya duba.