Nama a Madambaci

Tsire gadona ne, kuma a tashar Tambuwal, bakin hanyar Sakkwato, tukubata kaɗai ke hayaƙi har aka samu 'yancin kai. Bayan nan ne taubashina, ɗan gwaggona ta Kebbe, ya dawo daga Kano, inda ya yi wa wasu 'yan Sin masu masana'antar kwano aikin kuku. Bai zo da keke ba, balle rediyo. Wai sana'a ya koyo.

Ya kafa rumfar zana daura da ni. Sai ya murza kwaɓin alkama fele-fele, ya sa dakakken naman rago da albasa, ya ƙulle bakin, ya jera a madambaci ya turara. Na yi dariya har da riƙe ciki.

"Namiji da madambaci?" na ce masa. "Wanga shi na abin da kak koyo Kano?"

"Kai dai yi ta shan hayaƙi, bawana," in ji shi.

Loma guda ce kowane ƙulli, ga araha, mai kwabo ɗaya ma ya ci nama. Yaran mota suka fara saye, sai malaman En'e, sai matan gida suka dinga aiko da kwano. Aka raɗa masa suna ɗan ƙulli. Madambaci ɗaya ya zama jeri, rumfa ta koma ɗaki mai rufin kwano da bencuna, har kasuwar Jabo ake kai shi. Ni kuwa ina fifita wuta, ina kallon ƙeyar mutanen da na san yawan yajin da kowannensu ke so. Ya ƙone mini rai ƙwarai, kuma har yau ban ɗanɗana abin ba.

Duk wannan da sauƙi, don ina da mai ci ɗaya da ba a isa a ƙwace mini ba: Baba. Shi ya koya mini riƙe wuƙa. Haƙoransa sun zube, amma kullum da la'asar nakan kai masa tsinke mafi taushi, ya tsotse yajin, ya miƙa wa jikoki, ya sa mini albarka. Wannan albarkar ta fi mini cinikin yini.

Wata la'asar na shiga da ƙunshina, na tarar da taubashin nawa durƙushe a zaure, Baba da kwano a gabansa, yana lumshe ido.

"Zo ka gani," ya ce mini. "Yau na haɗiye nama. Rabona da shi tun kana saurayi." Ya juya ga ɗan ƙanwarsa. "Allah shi yi ma albarka."

"Amin, Kawu," ya amsa, ya dube ni yana murmushi.

Har Baba ya rasu bai taɓa ƙin tsirena ba. Yakan karɓa ya gode, ya ajiye ƙunshin a gefen tabarma ko kwancewa bai yi ba, idonsa yana kan ƙofa.