Jan Kan Kaka Tabawa

A gidanmu na unguwar Lalala, can ƙasar Gabon, ni ce mai kwaɓa lalle. Gidan haya ne na katako mai rufin kwano, idan ruwan sama ya tsuge sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Duk bayan sati biyu, da an idar da magariba, Kaka Tabawa, mahaifiyar babanmu, takan jawo kurfotin gawayi bakin ƙofa ta ɗora shayi. Sai in tsefe mata kai, in bi furfurar layi-layi da lalle, in naɗe da leda. Kafin ya kama da sauran jira, a wannan jiran ne muke samun tatsuniya.

Kan nata kuwa ja jawur yake fitowa, kamar manja. Kuma ba ta ɓoye shi. Sai ta ture ɗankwali baya ta zauna gaban tirenta na goro, matan unguwa 'yan Gabon suna tsokanarta, tana ramawa da Faransancinta na kalma goma. Bayan ta fita takabar kakanmu ta fara sa lallen. Babanmu ya yi magana sau ɗaya, ta ce, "Kai Sani, shekara arba'in ina gyara kan nan don ubanka. Yanzu nawa ne."

Ni takan kira ni Madam Lakwal, wato makaranta, saboda boko. "To Madam Lakwal, ga ta nan tafe, ta sha hanya daga Damagaram," haka take buɗe tatsuniyar. Mu ce, "Ta shigo ta huta."

Wadda ta fi maimaitawa ta tsohuwar akuya ce, ja, ita kaɗai a garken farare. Sauran suka dame ta, wai tana jawo musu ido, kowa ya zo wucewa sai ya nuna su. Ran nan suka lallaɓa ta suka tumurmusa ta a toka har ta koma kamarsu. Da yamma ɗanta ya dawo kiwo yana neman jar uwarsa. Sau uku yana wucewa ta gabanta. Ta yi kuka, amma kukan awaki duk iri ɗaya ne. Haka ya bi hanyar daji yana kira, bai dawo ba. Nan Kaka takan tsaya ta ce, "Ta ƙare, kan ɓera ma ya yi barci. Ɗebo ruwa a wanke kan nan." Mu kuwa dariyar sakarcin ɗan akuya muke yi.

Ina da shekara goma sha tara aka ce ni zan raka ta sabunta katin zama, tunda ni ce mai Faransanci a gidan. Wata ƙawata ta ce mini a hoton katin sai an cire ɗankwali. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Ina ta hango layin ofis, da ma'aikata masu kwat, da Kaka da kai kamar an kunna wuta, ni kuma a gefenta ina fassara. Kunya ce kawai, ba wani abu ba. Na je kanti a unguwar Glass na sayo baƙin dayis na rina gashi.

"Kaka, doka ce. Ba sa karɓar jan kai."

Ta daɗe tana kallona. "Doka ce, ko ke ce?"

"Doka ce. Ana gama hoton zan mayar miki da lallenki, ran Alhamis ɗin nan."

Ta kwance ɗankwalin da kanta ta juya mini baya. Na shafa mata har ƙeya. Tun da nake taɓa kanta, ranar ce kaɗai ba ta yi tatsuniya ba.

Da muka je wurin mai hoto, sai ya ce ta ɗan janye ɗankwalin kunnuwa su fito, shi ke nan. Ko silin gashi ɗaya bai fito a hoton ba. A taksi muna dawowa ta bakin teku, ta ɓare goro ta miƙo mini rabi.

Ran Alhamis na kwaɓa lalle da lemun tsami da ruwan shayi, na bar shi ya daɗe fiye da kullum. Muka wanke, kai yana nan baƙi ƙirin. Ashe lalle ba ya hawa kan dayis. Ban sani ba, na rantse ban sani ba. Na sake gwadawa sau biyu, ina yi ina kuka. Ita ce ma take ba ni haƙuri: "Bari, Madam Lakwal. Furfura ba ta fushi, za ta sake fitowa." Amma daga ranar ta jawo ɗankwalinta har goshi. Matan unguwa suka daina tsokanarta, wasu ma sai su wuce tiren ba su lura ita ce ba.

Wata huɗu bayan nan zazzaɓi ya kayar da ita, kwana shida ta cika. Ina cikin masu zuba ruwa da aka zo yi mata wanka. Da aka warware kitson, furfurar da take jira ta fito, faɗin yatsa biyu, fara tas. Sauran duk aikin hannuna ne.

Yanzu na haura arba'in, furfura ta cinye gaban kaina. Lalle nake sawa, in ture ɗankwali baya in shiga kasuwa. Ƙawayena suna cewa na burge su, wai girma ya zo mini da ƙarfin hali. Ina barinsu su faɗa. Ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar nan ta ɗan akuya ce da bai gane uwarsa ba, sai da na girma na gane ta masu ɗebo toka ce, kuma daga cikin garke suke fitowa.

Ta san ƙarya na yi mata, tun kafin in buɗe kwalbar ta sani. Da ta zage ni ko sau ɗaya ne, da na samu bakin cewa ta yafe mini. Ba ta zage ni ba, ni kuma na tsaya jiran ranar da kan zai sake yin ja in faɗa mata muna dariya. Allah Ya jiƙan Kaka, ban faɗa ba.