Malam Alu da Igiyar Rago

Duk wanda ya girma a Zinyau ya san Malam Alu ɗan koli. A zamanin ƙuruciyarsa babu kasuwar da ƙafarsa ba ta taka ba tsakanin Rano da Kibiya da Rurum, akwatin allura da kwalli da turare a ka, yana tafe yana gaisawa da mutane. Mota kuwa sai dai ta wuce shi, ya ɗaga mata hannu.

Da girma ya fara kama shi, ɗansa Munzali ya buɗe masa shago a ƙofar gida, ya ce Baba ya huta haka nan. Ya kuwa huta, har hutun ya yi masa yawa, lafiya ta ɓace masa. Ciki ya fito, gwiwoyi suka sage, aka wayi gari mutumin da ke zuwa Kibiya a ƙafa yana salla a kan kujerar roba a gefen sahu. Wannan kujera ita ce abin da ya fi ci masa rai a duniya.

A asibiti aka ce masa maganinsa tafiya ce kowace safiya. Ya ce in dai tafiya ce ai an zo gidanta. Sai dai bai bar gari ba ɗan acaɓa ya tsaya, wai ya hau a kai shi. Na biyu ma haka. Wani tsoho ya tare shi yana tambaya ko rasuwa aka yi. Da ya ce ba ko'ina za shi ba, tafiya kawai yake yi, sai tsohon ya dube shi da tausayi. Kafin azahar mata sun fara shigowa wurin matarsa Tani suna tambaya a kaikaice ko Malam lafiya. Ya dawo ya zauna, ya ce shi da girmansa ba zai yi yawon da babu aike, babu kasuwa ba. Tani ta yi magiya har ta gaji.

Ana saura 'yan watanni Babbar Salla ya sayi rago a wurin abokinsa Haliru, Bafulatanin da ke zaune a bayan gari. Ragon daji ne, bai san turke ba. Aka ba shi dusa ya kau da kai, aka zuba harawa ya tattake, ga kuka ba dare ba rana. Tani ta ce ko dai Malam ya fita da shi ya ci ciyawa, ko ita ta bar musu gidan su biyu.

Haka ya fita yana mita, igiya a hannu. Ragon ya ja shi bakin rafi, washegari ya ja shi gaba da nan. Abin mamaki, babu wanda ya tsaya, babu wanda ya tambaya, sai dai a ce sannu da kiwo. Da farko yakan dawo yana haki yana tsine wa Haliru, daga baya shi ke riga ragon ƙosawa a fita. Wata Juma'a aka tayar da salla, sai da aka kai raka'a ta biyu ya lura a tsaye yake cikin sahu, kujerar tana can jikin bango. Daɗin da ya ji ran nan bai iya ɓoye shi ba, har gida yana murmushi.

Ranar layya aka yanka ragon. Tani tana suya, amma hankalinta na kan kujerar nan, don ta san mijinta.

Da safe sai ta ga ya kwance igiyar daga turke, ya naɗe ta a hannu, ya sa takalmi. Mai tafiya da igiya ba dabba, kowa ya san abin da ya fito nema, ba mai tsayar da shi. Har yau haka yake fita. Wata safiya a hanyar rafi wani mai keke ya rage gudu ya ce, "Ɓata ta yi, Malam? Allah ya bayyana."

"Amin," in ji Malam Alu, bai ko tsaya ba. "Ta daɗe da ɓata, amma na samo sawunta."