Faifan Alhaji

Ni na kawo kwamfutar. Na saye ta kwance a Kwatano, na ɗauko ta cikin kwalin talabijin har Makarfi. A shekarun da na yi ina yi wa 'yan kasuwa tafinta a Jidda da Duwala, na ga yadda mutum huɗu ko biyar ke shigar da lissafi wuri guda ba gardama, sai na ce mu ma za mu iya. Lokacin mulkin soja ne, farashin taki yana tashi tsakanin safe da la'asar, man fetur kuwa sai a galan a bakin titi.

Shagunanmu uku ne na taki da iri. Yayana Alhaji yana Makarfi, ni ina Ikara. Na Kudan yana hannun wani tsohon malamin firamare, Kirista daga kudancin Kaduna, wanda kowa ke kira Tica. Kuɗin sallamarsa kaf ya zuba a cikin sana'ar. Kwamfutar tana gidan Alhaji, ƙanwarmu ke bugawa, don ta yi aikin tafireta a sakatariya kafin a rage ma'aikata. Ni na hana rubutu a littafi. Na ce wannan aikin da ne.

Saboda wuta ba ta da tabbas, na ce a riƙa kwafe lissafin a ɗan faifai. Alhaji ya karɓi faifan ya sa a akwatin da takardun gonaki suke. Duk ranar kasuwa sai mu haɗu, ya fito da shi, a shigar da cinikin mako, a kwafe, ya mayar ya kulle. Tica ba ya samun zuwa ranar, sai duk sa'ad da ya sami mai a babur. Ya zo ya zuba kuɗi a aljihun tebur, ƙanwarmu ta buga masa, ya koma.

Da damina ta yi nisa muka buga jimla. Takarda ta nuna buhunan da aka kai Kudan, ba ta nuna ko sisin da ya dawo ba. Alhaji bai jira ni ba. Ya faɗa a ƙofar masallaci, gaban mutane, cewa Tica ya cinye mana dukiya, in bai biya ba zuwa Juma'a zai haɗa shi da hukuma. A wancan zamani wanda aka shiga da shi ba a tambayar ranar fitowarsa.

Tica ya same ni a Ikara, ya yi tafiyar rabi a ƙafa.

"Malam, kai ka ce in bar littafi. Yanzu da me zan rantse?"

"Zan gano, Tica."

"Gano mini kafin Juma'a. Matata ta daina zuwa kasuwa. Manoman Likoro da na ba taki bashi sun ce ba za su biya ɓarawo ba."

Na tambayi ƙanwarmu. Ta rantse ta buga komai, amma ba za ta iya buɗe baki gaban Alhaji ta ce ya yi kuskure ba. Na kwana biyu ina bincike a injin, ina karanta Turancinsa da ɗan Faransancin da mai shi na farko ya bari, ban ga komai ba. Na sayar da agogona na sayi man janareta. Na je Zariya wajen wani mai gyara, ya ce inji lafiyarsa lau.

Ranar kasuwa na zauna bayan ƙanwarmu kawai ina kallon hannunta. Alhaji ya miƙo faifai, ta rusuna ta karɓa da hannu biyu, ta sa. Sai na ga ta kwafe na faifan zuwa cikin injin. Tambaya ta fito, ko a maye gurbin wanda ke ciki. Ta danna e.

"Tsaya! Me ya sa kika yi haka?"

"Yaya, ai da na babba ake farawa. Na Alhaji ne asali. Na cikin inji kowa ya taɓa shi."

Kowane mako haka take yi. Duk abin da aka shigar wa Tica a tsakiyar mako, faifan Alhaji ya hau kansa ya shafe. Kuɗin kuwa sun bi cinikin Makarfi, tsadar sabon kaya ta haɗiye su ba wanda ya lura.

Na nuna wa Alhaji sau uku. Sannan ya ce, "To, a bar maganar hukuma. Ka gaya masa ya ci gaba da aiki."

Da yamma na isa Kudan. Na tarar da Tica ya riga ya sa gonarsa a kasuwa don ya biya. Na yi masa bayani dalla-dalla, ya saurara har ƙarshe.

"Na gode, Malam. Alhaji zai faɗi wannan a inda ya faɗi na farko?"

Na ce zan yi masa magana. Na yi, har sau biyu. Alhaji ya ce girmansa bai kai nan ba, ai an yafe, ya isa.

Tica ya jira Juma'a biyu. A ta uku ya kawo mini makullin shago da kansa, ya ce in ƙirga buhunan da suka rage a gabansa, in rubuta a takarda, in sa hannu.