Ranar da Yaran Yangoji Suka Buɗe Baki

Wata uku ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Yangoji, can wajen Abuja, amma ko yaro ɗaya bai taɓa yi min magana da shi ba. Rubutu kam suna yi. In na ce a tashi a faɗa, sai kowa ya kafa wa benci ido. Mai makarantar, wadda muke kira Madam, ta kira ni ofis ta ce iyaye suna kwashe 'ya'yansu, in yara ba su yi Turanci ranar taron iyaye ba, in nemi wani wurin. Ni kuwa shekara biyu na yi ina yawon ajiye takardu a ma'aikatun Abuja kafin in samu wannan, ga mahaifiyata a kwance ba lafiya. Wallahi hankalina ya tashi.

Na ce to, bari mu gwada wasan kwaikwayo. Na mai da ajin Kasuwar Wuse: wannan mai barkono, wancan direban tasi, waccan mai taurin ciniki. Ina faɗa suna maimaitawa, har muryata ta dishe. Ikon Allah! Yaran da ba sa cewa uffan, suna ɗaura zani suka ɗora faranti a ka, sai baki ya buɗe.

Ranar taro suka fito ba gargada. Wata 'yar Gbagyi ta ɗaga murya, "Fiful, kom an bai mai fefe!" wato jama'a ku zo ku sayi barkono. Direba ya amsa, "Fe mi, filis!" wato don Allah ki biya ni. Iyaye suka fashe da dariya. Ni shashasha har da tafi, na ɗauka daɗi suka ji.

Sai na hango fuskar Madam a murtuke. Yawancin yaran nan ba Hausawa ba ne, harafin p da ke ba mu wuya tun a gida suke furta shi daidai. Yanzu duk sun mai da shi f, don yadda suka ji a bakina ke nan, kuma sun kwaikwaye ni tsaf. An gudu ba a tsira ba.

Da aka watse Madam ta tare ni a baranda. "Malama, faɗi people in ji."

Na matse leɓɓana da ƙarfi, ina addu'a a zuci, ina roƙon harshena ya rufa min asiri sau ɗaya tak. Abin da ya saba fitowa shi ya fito. Ta ce in ajiye makullin ajin a kan teburinta kafin in tafi.