Ranar da Na Gwada 'Yata a Ruwan Birmingham

Abin da ke ƙasa a lokacin bai wuce uku ba: fasfon 'yata da ke kulle a durowata, hutunta na ƙarshe kafin ta shiga uni, wato jami'a, da kuma "a'a" ɗin da na riga na furta a gaban uwarta. Ita da ƙawayenta biyu ne suke so su goya jakunkuna su zaga biranen Turai a jirgin ƙasa, suna kwana a masaukan ɗalibai. Ni kuwa na ce ban haifi kunkuru ba, balle ta yi yawo da gida a gadon baya.

Sana'ata sarin jakunkuna da laima ce a unguwar Cheetham Hill da ke Manchester, ina raba wa masu tebur a kasuwar Gorton. Shekarun ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato hukumar gari, na ta sallamar ma'aikata, ciniki ya yi sanyi. Amma ba kuɗi ne ya hana ni ba, don yarinyar ta tara nata daga aikin da take yi ranar Asabar. Tsoro ne kawai.

Uwarta ce ta kama ni da bakina. Ta ce, "Alhaji, kai da ba ka ƙin jaka sai ka ja zif ɗinta ka gani, 'yarka ce za ka ƙi ba gwaji?"

Haka muka shirya: wuni guda a Birmingham, ita ce jagora, ni na bi ta da jaka a baya, bakina a rufe. Garin na sha zuwansa, amma rumbunan kaya kaɗai na sani.

Muna sauka daga bas ruwa ya tarbe mu. Ba irin yayyafin Manchester mai jiƙa mutum a ɓoye ba, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Na buɗe laima da gadara, iska ta juye ta nan take.

"Baba, wannan cikin kayanka ce?"

"Ta maƙwabcina ce," na ce.

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zuge jakarta. Komai nata a cikin baƙar ledar shara yake, a bushe ƙamas. Ta ciro rigar leda ta saka mini kamar jariri.

Ta kai ni gun wani ƙaton sa na tagulla a tsakiyar kasuwa. Jama'a na ɗaukar hoto, ni ina kintatar nauyinsa idan aka kai shi wurin masu narka ƙarfe. Daga nan sai gidan tarihi, shiga kyauta. Na tsaya gaban zanen wata mata mai jan gashi na daɗe, takalmina na tsiyaya a kan katakon mutane. Da azahar ta yi, tun kafin in tuna mata, ita ta je ta tambayi mai gadi, ya nuna mana wani ɗaki shiru muka yi salla.

Abin da ta fi ƙwallafa wa rai shi ne hawa kwalekwalen da ke zaga magudanan ruwan garin. Duk makon maganarsa take yi. Da muka isa, matuƙin ya ce zai tashi in muna so, amma tagogin duk sun yi hazo, ba a ganin ko tafin hannu. Na tsaya ina kallonta yadda nake kallon sabon abokin ciniki.

Ta leƙa ciki, ta dubi sama, ta ja numfashi.

"Baba, mu haƙura. Biya za mu yi mu kalli gumin gilashi."

Ba ta ɓata rai ba. Ta ja ni wani ɗan shagon shayi a bakin ruwan, ta ba ni busasshiyar safa mai zanen kyanwa, na saka ba musu. Muka zauna muna kallon ruwan sama na dukan ruwan ƙasa, ga kwalekwale ja da kore a jere, ga agwagi na ta sha'aninsu.

Na san manyan mutane a Cheetham Hill da suka karye saboda sun ƙi sakin kayan da lokacinsa ya wuce. Wanda ya iya barin abin da ransa ke so idan ya ga ba riba, ba a jin tsoron tura shi kasuwa shi kaɗai.

A bas na tambaye ta, "Da wane gari za ku fara?"

Ta zuba mini ido. "Baba, da gaske?"

"Kullum ki kira uwarki. Ni ba sai kin kira ni ba, ina gefenta."

Takalmina na fata bai sake moruwa ba. Mura ta kwantar da ni, uwarta na kawo mini citta tana murmushin da ban so ba. Barcin kirki kuwa ban yi ba har ranar da yarinyar ta dawo, ta rame, ta yi baƙi, bakinta bai rufuwa don labari. Na haɗa wannan da wancan, na ga ban faɗi ba.